Ranar Da Na Fara Kasa Kaya A Baje Koli



Da sakatariya ta ce in zo in yi magana a kan sana'ar hannu, sai da na yi dariya, domin 'yan ajinmu sun san ni ce wadda malamar ɗinki ta sa ta warware ɗinkin matashin kai har sau uku. Ga ta can zaune a gaba. Malama, Allah ya ƙara lafiya, a yafe mini.

Bayan na yi ritaya zaman gida ya ishe ni, sai na fara shirya sarƙa da 'yan kunne da awarwaro na duwatsu, ina kuma yin katin gaisuwa na biki da suna da barka da sallah. Duwatsun a Kasuwar Kurmi nake saye, har da na gilashi irin na Bida, waɗanda masaga ke narka kwalabe su yi. Katin kuwa kwali ne mai kauri, in manna masa ƙyallen shuni daga marinar Ƙofar Mata, in yi rubutu da hannu. Shekara guda ina yi ina rabar wa dangi kyauta.

A watan Fabrairu na 2023 aka shirya wani baje kolin masu sana'ar hannu na kwana biyu a nan Kano. Na ɗauki adashina gaba ɗaya, naira dubu 80, na biya kuɗin tebur, sauran na zuba a kaya. Maigida bai hana ba, ya dai ce in tuna kuɗin makarantar auta na nan tafe. Kun kuma tuna wane lokaci ne: an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace, mutane na kwana a layin banki.

Ranar farko iskar hunturu ce ta fara yi mini maraba. Na jera katuna tsaye gwanin sha'awa, kafin in juya sun watse har ƙarƙashin teburin mai sayar da turaren wuta. Ita ta ara mini igiya da maƙalan shanya na rataye su. Ita ce kuma ta dube ni ta ce, "Hajiya, ina madubinki?" Ashe mace ba ta sayen ɗan kunne sai ta kara a kunne ta gani. Na aika auta gida da gudu ta ciro na ɗakina.

Wajen azahar wata mata ta zo ta ɗaga sarƙa ta tambayi kuɗi. Na ce dubu biyu. Ba ta taya ba, ba ta ce a rage ba, ta zaɓi guda goma sha biyu ta tura kuɗin ta waya. Na yi ta murna har ina kiran maigida. Da la'asar na zaga in ga kayan mutane, sai ga sarƙoƙina a wani tebur can bakin ƙofa, an rubuta dubu biyar-biyar, kuma ana saye.

Daren nan ban yi barci ba. Raina ya ɓaci da matar, amma da na ɗauko biro sai na ga ba ta cuce ni ba. Ni na yanka kuɗin da bakina. Na lissafa duwatsu da zare da maɗauri, na ɗora ɗari uku na ce riba ce. Ban sa kuɗin tebur ba, ban sa kuɗin Keke zuwa Kurmi ba, ban sa awa uku da nake yi a kan kowace sarƙa ba, har idona na ruwa. Mu da muka saba da albashi haka muke, ba mu ɗauki lokacinmu abin sayarwa ba. Akwai kuma kunya. Ina ganin fuskar da na sani sai bakina ya yi nauyi, in ji kamar roƙo nake.

Kashegari na rubuta farashi a ƙananan takardu na liƙa wa kowane kaya, dubu huɗu da ɗari biyar. Wadda ta taya ƙasa in ce albarka, in yi shiru. Shirun nan ya fi komai wuya. Wasu sun tafi, biyu sun dawo. Na rubuta lambar asusuna da manyan baƙaƙe, kuma ba na miƙa kaya sai na ga saƙon shigar kuɗi, ko da za mu tsaya minti goma muna jiran sabis.

Katunan su suka ba ni mamaki. Na Turanci, da na fi wahala a kansu, uku kawai aka saya, don kowa na da irinsu a waya. Na Hausa kuwa suka ƙare, musamman 'yan kaɗan da na rubuta da ajami. Wani dattijo ya sayi biyar, ya ce mahaifiyarsa ba ta karanta boko, tunda yake bai taɓa samun katin da za ta karanta da kanta ba.

Da na yi lissafi, dubu 71 suka dawo, ga ragowar kaya. Kuɗin makarantar auta sai da ƙanwata ta cika mini, na biya ta bayan sallah. Matar da ta sayi sha biyun nan kuwa har yau tana saye a wurina, amma a dubu uku da ɗari biyar, kuma ita ke zuwa ɗauka.

Akwai tebur a bayan zaure, na kawo madubi. Malama, taki sarƙar na riga na ware.