Kafin ka ba inji umarni, fara saurarensa

Godiya ga waɗanda sunka shirya wannan zama, da waɗanda sunka taso daga Tibiri da Jiratawa cikin wannan rana.

An ce in yi magana kan ƴar kwamfutar nan, ko odinatar kamar yadda muke cewa a nan, wadda duk kayanta ke jere kan ɗan allo guda mai girman katin banki. Wadda kowa ya fi sani ita ce Raspberry Pi. A Ingila anka ƙirƙiro ta, ta shiga kasuwa a watan Fabrairu na 2012 kan dala 35. Dalar Amurka nake nufi fa, ba dalarmu ta kasuwa ba, wato wajen jika 20 ke nan kafin kuɗin kawowa. Akwai ƴar uwarta BeagleBone, akwai kuma ƙananan da ba su kai kwamfuta ba, irin Arduino da ESP32, masu yin aiki guda su yi ta maimaita shi. Abin da ya raba su da salular da ke aljihunka shi ne ƴan ƙusoshin da ke gefensu. Raspberry Pi na da guda 40. Ta nan ake haɗa ta da na'urar auna zafi, ko ta ruwa, ko ta lantarki, ta nan kuma take iya kunna abu ko ta kashe shi. In ka ƙara mata layin waya, sai inji ya samu bakin da zai gaya maka halin da yake ciki kana nesa.

To mi ya haɗa wannan da Maraɗi? Mu je Jiratawa. Fadamar noman rani ta can, wadda hukumar ONAHA ke kula da ita tare da ƙungiyoyin manoma, tun farkon shekarun 1980 take aiki, kuma ruwanta daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi, daga rijiyoyin foraj, da famfuna masu aiki da kuran. Ma'ana duk zogalen da anka yanko can, akwai kuɗin wuta a cikinsa. Famfo ya tsaya, shuka ta ji a jikinta. A Tibiri, masu lambu a bakin Gulbi da injin ban ruwa suke dogaro, wasu da mai, wasu da hasken rana. Cikin gari kuwa ga injin niƙa, ga masu matsar man gyaɗa, ga masu ƙanƙara da ruwan leda. Ko'ina akwai mota mai juyawa, kuma galibi ba a sanin tana ciwo sai ranar da ta yi hayaƙi.

Kar wani ya ce wannan aikin Turawa ne. Ɗan ƙasarmu Abdou Maman Kané ya ƙirƙiro hanyar ban ruwa daga nesa, manomi ya kunna famfonsa ya kashe da wayar salula. Wannan aiki ne ya ba shi babbar lambar yabo ta duniya kan ruwa mai sunan Sarki Hassan na Biyu a 2015. Hanya dai an riga an share ta.

Sai dai ga abin da na zo in faɗa yau. Matashi in ya samu wannan allo, burinsa na farko shi ne ya danna waya inji ya tashi, a ɗauki bidiyo a sa a Facebook. Ni ina roƙonku ku jinkirta wannan. Ku fara da awo. Allon da ke aunawa kawai, in ya lalace, lissafin kwana biyu ka rasa. Wanda ke ba da umarni in ya rikice cikin dare, yana iya barin famfo na gudu har ya ƙone, kuma wannan famfo na iyalai da yawa ne.

Awo kansa kuɗi ne. Wutar da mota ke ja tana ba da labari. In ruwa ya ja baya a rijiya, famfo ya fara shan iska, wutar da yake ja sai ta ragu, kuma in ya daɗe haka zai lalace don ruwan ne ke sanyaya shi. In ɗaya daga cikin layuka uku na kuran ya ɗauke, sauran biyun sai su ɗauki nauyi, waya ta yi zafi, mota ta ƙone. Mu ɗauki misali na lissafi kawai: famfo mai kilowat 5 da ke yin awa 2 a banza kowace rana, a wata ya ci kilowat-awa 300 da za a biya ba a shayar da komi ba. Wanda ya iya nuna wa ƙungiyar manoma wannan a rubuce, ranar kaza ƙarfe kaza, ya kawo abin da za a saya.

Yanzu ta ina za a fara? A kan tebur. Kana bukatar allon, da katin ajiya irin na salula, da caja mai kyau ta bolt 5. Cajar banza ita ce tushen rabin matsalolin sabon shiga. Ka zuba tsarin Raspberry Pi OS a katin, wanda dangin Linux ne kuma kyauta ne, ka koyi shiga allon daga wata kwamfuta ta hanyar SSH don a gona ba za ka je da talabijin ba. Ka koyi ɗan Python. Aikin farko, ka sa ƙaramar fitila ta riƙa kyaftawa. Na biyu, ka haɗa na'urar auna zafi irin DS18B20, ka rubuta abin da ta auna kowane minti guda tare da lokaci. A rana layi 1440 ke nan. Ka bar shi mako guda yana gudu. In ka dawo ka tarar da giɓi, nemo dalilin giɓin shi ne karatun gaskiya.

Daga nan sai a tunkari inji, kuma a nan ne nake son ku buɗe kunne. Ƙusoshin Raspberry Pi bolt 3.3 suke ɗauka, bolt 5 ma na iya kashe su. Akwatin famfo kuwa wajen bolt 380 ke ciki, wannan mutum yake kashewa. Kar ka buɗe shi sai da izinin masu shi, kuma mai aikin lantarki ƙwararre na tsaye. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa ƙaramin kwantar awo a cikin akwatin, mai magana da yaren Modbus, wanda masana'antu ke amfani da shi tun 1979. Waya biyu murɗaɗɗu na RS-485 za su kawo maka lissafin har wajen allonka, kuma suna iya tafiyar kusan mita 1200. Ku tuna kuma Raspberry Pi ba ta karanta awo mai hawa da sauka kai tsaye, sai an sa mata ɗan tafinta irin ADS1115.

Abokan gaba huɗu ke jiran allonka a waje.

Na farko kuran. Kun san wutarmu daga Najeriya take shigowa ta Katsina, kun kuma tuna yadda anka yanke ta a watan Agusta na 2023 sai a 2024 ta dawo. Ko a ranakun lafiya tana ɗaukewa. In wuta ta ɗauke allon na tsakar rubutu, katin ajiya na iya lalacewa, ya ƙi tashi. Maganinsa batir da zai riƙe shi, da saita tsarin ya zama na karantawa kawai. Haka kuma yawancin waɗannan alluna ba su riƙe lokaci in sun mutu, sai ka ƙara ƴar agogo mai batir irin DS3231. Awon da ba shi da lokacin gaskiya ba shi da amfani.

Na biyu zafi. Kun san watan Afrilu da Mayu a nan, digiri 40 ba labari ba ne. Akwatin ƙarfe a rana ya fi haka nesa, kuma Raspberry Pi in cikinta ya kai wajen digiri 80 sai ta rage gudu don ta tsira. Inuwa, farin akwati, da ƙarfen sanyaya. Don haka ne allunan masana'antu sunka fi tsada: an gina su su jure daga digiri 40 ƙasa da sifili har 85.

Na uku ƙurar hunturu, da ruwan damina, da ƙwari masu son ɗumi. Kowace kafar waya a toshe ta.

Na huɗu rezo. Kar ka gina abin da sai da intanet yake rayuwa. Allon ya fara ajiye awonsa a cikinsa, in rezo ya dawo ya tura. Akwai hanyar tura saƙo mai suna MQTT da anka ƙirƙiro a 1999 don sa ido kan bututun mai a daji inda layi ke da tsada, ƴan kalmomi kaɗan take aikawa. Gargaɗin gaggawa kuwa a tura shi ta SMS, cikin Hausa, don mai gadin famfo ba lalle yana da babbar waya ba.

Saura magana biyu da sunka shafe mu a matsayin ƙungiya. Ta farko tsaro. A 2016 wata cutar kwamfuta mai suna Mirai ta kame dubban kyamarori da na'urorin intanet don kawai masu su ba su canza kalmar sirrin da sunka zo da ita ba. Ka canza taka tun ranar farko. Ta biyu, awon nan na wa ne? Zurfin ruwan rijiya da awannin famfo bayanai ne na manoman da ke biyan kuɗin wutar. Duk wanda ya zo da na'ura, ko ɗan gida ko baƙo, ko mai ba da tallafi, a tambaye shi abu uku: ina bayanan ke zuwa, wa zai iya karanta su, kuma in ta lalace wa zai gyara a Maraɗi? Na'urar da sai an jira wani ya zo daga ƙetare ya buɗe ta, ranar da aikin tallafi ya ƙare ita ma ta ƙare.

Abin da nake nema gare ku ga shi. Ku haɗu uku-uku: mai son rubuta shiri, mai hannu a lantarki, da wanda ya san gona ko inji. Ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo su nemi masu gyaran salula na kasuwa, don sun fi ku iya riƙe ƙarfen dalma. Ƴan mata, wannan aiki ba ya neman ƙarfin damtse, da ku ake yi. Ku tara kuɗin allo guda, ku zaɓi inji guda, ku nemi izinin mai shi, ku auna shi kwana 30 ba tare da kun taɓa makunninsa ba. Sannan ku kai masa takarda guda da zai iya karantawa. In ya ce ku bar masa na'urar, kun samu sana'a, kuma a lokacin ne za mu zauna mu yi maganar kunnawa daga nesa.

Allah ya sa albarka cikin abin da za ku fara. Mai tambaya, bismillah.