Kaskon Baƙin Mai: Yadda Ake Cire Shi da Mayar da Shi a Gida

Wannan jawabi ne da wani dattijon makanike ya yi wa direbobi da manoma masu motoci a Kwanar Dangora. Masu sauraro sun fito daga Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Ga abin da jawabin ya ƙunsa, domin amfanin waɗanda ba su samu zuwa ba.

Bayan sallama da addu'a, dattijon ya fara da labarin wani direban akori-kura. Da kaka ne. Direban ya ɗauko buhunan masara daga wani ƙauye a ƙasar Doguwa. A hanyar burji sai gindin motar ya daki dutse. Ya ji ƙarar, amma bai tsaya ya leƙa ba. Can a tsakiyar dajin Falgore jar fitilar mai ta kama. Ya ce bari ya lallaɓa ya kai Tudun Wada. Bai kai ba, injin ya buga. Kuɗin masarar duka bai isa gyaran ba, motar ta shekara a jingine. Da aka duba, ashe wata 'yar tsaga ce a kaskon baƙin mai, ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba.

Mene ne kaskon baƙin mai?

Wani kwano ne na ƙarfe da ke manne a ƙarƙashin inji. Makanikai kan ce masa botom filet. A cikinsa baƙin mai yake taruwa. Ƙaramar mota takan ci kamar lita 4, wata har lita 5. Akwai famfo a cikin inji da ke zuƙo man ta wata 'yar rariya, ya tura shi ko'ina ƙarfe ke gugar ƙarfe. Daga nan man ya gangaro ya dawo kasko. Haka yake ta zagayawa kamar jini a jikin mutum. Idan man ya tsiyaye, ƙarfe zai ci ƙarfe, inji ya buga cikin 'yan mintoci.

Kaskon yana daga cikin abubuwan da suka fi kusa da ƙasa a jikin mota. Shi ya sa duwatsun hanyoyin Riruwai da ramukan damina suke yawan samun sa. Lodin da ya wuce kima ma yana ƙara dusar da mota ƙasa.

Kasko iri biyu ne. Yawancin tsofaffin motoci, irin na zamanin da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, kaskonsu na baƙin ƙarfe ne. Shi yakan lotsa kafin ya fashe. Motocin baya-bayan nan da yawa nasu na alminiyam ne. Shi ba ya lotsawa, tsagewa yake yi kamar tukunyar ƙasa.

Yaushe ake cire shi?

Dattijon ya kawo dalili huɗu. Na ɗaya, idan mai yana yoyo ta bakin kaskon saboda gasket ya mutu. Gasket shi ne shimfiɗar da ke tsakanin kasko da inji, wasu kan ce fakin. Na biyu, idan kaskon ya lotsa ko ya tsage. Na uku, idan zaren notin juye ya cinye, noti ba ya kamawa. Na huɗu, idan dauɗa ta toshe rariya.

Amma kafin a kwance komai, a tabbatar daga ina yoyon yake. Mai daga sama yake gangarowa. Sau da yawa laifin na filta ne ko na murfin saman inji, sai a ɗora wa kasko. A goge injin tas, a tayar da shi na ɗan lokaci, a ga inda man ya fara fitowa.

Haka kuma a leƙa a ga ko kaskon a sarari yake. Idan faifan kariya ne kawai ya tare shi, sai a cire. Amma a wasu motoci sai an ɗaga inji ko an kwance babban ƙarfen da ya gitta ƙasa. Wannan ba aikin gida ba ne, na gareji ne. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Kayan aiki

A tanadi komai tun kafin a fara. Ana bukatar sifana, yawanci mai lamba 10 don ƙananan notuna, da mai lamba 14, 17 ko 19 don notin juye. Lambar tana rubuce a jikin sifanar. Sai sabon gasket ko gam ɗin inji, sabuwar wosha, sabuwar filta, da galan na sabon mai. Sai kuma roba mai faɗi ta tarar mai, kananzir, tsumma mai tsabta, kwali, guntun katako da tocilan.

Rai ya fi mota

A nan dattijon ya ɗaga murya. Ya ce kada kowa ya kuskura ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe. Jak yakan zame, yakan kuma nutse a ƙasa mai laushi. Bulon siminti ma ba abin dogaro ba ne, don yakan rududduge ba shiri. Mutane sun rasa rayukansu a haka.

A ajiye mota a wuri mai tauri, wanda ba gangare ba. A ja hambirki, a sa giya, a tokare tayoyin baya da duwatsu gaba da baya. Idan an ɗaga ta, a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe na makanikai, ko kututture mai faɗi wanda bai da tsaga. Sannan a girgiza ta da ƙarfi. In ta motsa, a sake gyarawa. A cire kan batir, a sa makulli a aljihu. A samu babban mutum ya tsaya kusa, a kuma kori yara daga wurin. Ba a kawo taba ko fitilar ƙwai kusa da mai da kananzir.

Yadda ake cirewa

Da farko a tayar da inji na minti 5 domin mai ya tsinke. A kashe, a jira ya huce yadda hannu zai iya taɓa kaskon. Salansa ma tana ƙona mutum, a kula da ita.

A tara roba, a kwance notin juye, a bar man ya tsiyaye har ya daina ɗiga. A haska shi da tocilan, domin mai yana ba da labarin inji. Idan an ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki, injin ya fara cin kansa. Idan man ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ne ke shiga. Duka biyun sai makanike.

Daga nan a kwance ƙananan notunan da suka kewaye kaskon. Sukan kai 15 ko fiye, kuma wani lokaci tsawonsu ba ɗaya ba ne. Saboda haka a zana siffar kaskon a kan kwali, a soke kowane noti a gurbinsa. A bar biyu masu kallon juna a sassauce, domin kada kaskon ya faɗo wa mutum a fuska.

Idan kaskon ya ƙi sakuwa, a fara duba ko an manta da wani noti. In babu, a ɗora katako a gefensa a bubbuga a hankali. Kada a cusa sukundireba a ɓanɓare da ƙarfi. Duk inda aka karce, nan mai zai riƙa bi har abada. Idan ya saku, a cire notuna biyun nan, a sauke shi a daidaice, don akwai ragowar mai a ciki.

Yanzu cikin inji yana buɗe. Ƙura maƙiyiyarsa ce, musamman lokacin hunturu. A yayyafa ruwa a ƙasa tun kafin a fara, a kuma rufe gindin injin da leda mai tsabta.

Wanki da dubawa

A wanke kaskon da kananzir ciki da waje, a shanya ya bushe. A kankare tsohon gasket daga bakin kasko da bakin inji da guntun katako ko roba mai tauri. Kada a bar ko ɓurɓushi. A duba rariya, in ta toshe a wanke ta.

Lotsawa ba ƙaramin abu ba ne. Tsakanin bakin rariya da gindin kasko bai fi kaurin ɗan yatsa ba. In kasko ya lotsa ciki, sai ya toshe bakin rariyar, inji ya rasa mai alhali kasko a cike yake. Idan na baƙin ƙarfe ne, a ɗora shi a kan katako a buga lotsawar daga ciki. A duba bakinsa ma, ya zama a miƙe.

Idan tsaga ce, a wanke shi sosai a kai wa mai walda. Ba a yi wa kasko walda yana jikin mota, domin gobara. Na alminiyam ba kowane mai walda ke iya masa ba, sau da yawa gara a canza. Wanda zai je Kofar Ruwa a Kano sayen wani, ya tafi da tsohon a gwada rami da rami.

Yadda ake mayarwa

Bakin kasko da bakin inji su bushe ƙayau, babu maiƙo. A shimfiɗa sabon gasket, ramukansa su dace da na kasko. Motar da aka yi ta da gam kawai, sai a zizara gam ɗin siriri kamar tsinken ashana, a zagaye ba tare da yankewa ba. Yawan gam ba shi ne ƙarfi ba. Rarar tana faɗawa ciki, ta je ta toshe rariya.

A ɗaga kaskon a hankali, a sa dukkan notuna da hannu tukuna. Notin da ya ƙi shiga da hannu, a karkace yake, a fitar a sake. Sannan a ɗaure da sifana daga tsakiya zuwa gefe, ɗaya a dama ɗaya a hagu. A yi haka zagaye 2 ko 3, ana ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan. Ƙananan notuna ne, ƙarfin wuyan hannu ya ishe su. Wanda ya sa ƙarfin damtse zai karya noti ko ya tsinke gasket. Sannu ba ta hana zuwa.

A mayar da notin juye da sabuwar wosha. A shafa ɗan mai a robar sabuwar filta, a ɗaura ta da hannu. Idan an sa gam, a karanta umarnin da ke jikinsa. Abin da ya fi shi ne a bar shi ya kwana kafin a zuba mai.

A sauke mota ƙasa, a zuba mai, a jira minti 5, a duba geji. Man ya tsaya tsakanin alamomi biyun da ke jikin gejin, kusa da ta sama. A mayar da kan batir, a tayar da inji ba tare da taka totur ba. Jar fitilar mai za ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi. In ba ta mutu ba, a kashe inji nan take. In ta mutu, a bar shi ya yi minti 10, a leƙa ƙasa da tocilan. A kashe, a sake duba geji, domin filta ta sha nata. Da dare a shimfiɗa kwali a ƙarƙashi. Idan gari ya waye babu ɗigo, aiki ya yi kyau.

Ina za a kai tsohon mai?

Kada a zubar da shi a kwata, gona ko kusa da rijiya. Ruwan sama zai kwashe shi zuwa rafi. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, masunta da manoman rani da yawa da ita suka dogara. A zuba man a jarka mai murfi, a kai gareji. Kada a shafa shi a gyambon mutum ko na dabba, ba magani ba ne. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu.

Tambayoyi

Wani matashin direba daga Kiru ya ce, "Baba, idan kasko ya tsage a daji, ba a liƙa sabulu?" Dattijon ya ce, "Ɗana, mai zafi yake yi, sabulu ba ya riƙe shi. Ka kashe inji, ka nemi wanda zai ja ka. Kuɗin janwe bai kai kuɗin inji ba."

Wani manomi daga Bebeji ya ce, "Malam, ba za a iya yanka gasket da tsohon tif na taya ba?" Aka ce masa a'a. Robar tif kumbura take yi idan ta sha mai, kwana kaɗan yoyo ya dawo. Araha ba ta ado.

Wani dattijo daga Tudun Wada ya tambaya ko za a iya mayar da man da aka tsiyaye. Amsa ita ce, idan man sabo ne kuma an tare shi a mazubi mai tsabta, a tace a mayar. Amma idan ya yi baƙi ƙirin, ko ƙasa ta shiga, a haƙura da shi.

Daga ƙarshe mai jawabin ya bar wa jama'a abu uku. Kowace safiya direba ya zaro geji ya duba kafin ya tayar da mota. Duk lokacin da gindin mota ya daki wani abu, ya tsaya ya leƙa. Ya kuma ajiye ɗan littafi a mota, ya riƙa rubuta ranar juye da lambar kilomita. A hanyoyi masu ƙura irin na karkara, kada juye ya wuce kilomita 5,000.

Aka rufe taro da addu'ar Allah ya tsare hanya, ya mayar da kowa gida lafiya.