Inda Maciji Ya Ke Kwanciya Da Zafi Da Sanyi

Yau maganarmu a kan maciji ce, musamman ga mutanen Andarai da sauran ƙauyukan ƙasar Maiyama, da Jega, da Aliero, inda kusan kowa manomi ne.

Jikin maciji ba kamar namu ba ne. Mutum mai lafiya zafin jikinsa wajen digiri 37 ne, ko da bazara ko da hunturu, gama jikinsa shi ke yi masa ɗumi, in zafi ya yi yawa kuwa sai ya yi zufa. Maciji ba ya iya ko ɗaya. Zafin wurin da ya kwanta shi ne zafin jikinsa. Saboda haka kullum cikin ƙaura ya ke, daga inuwa zuwa rana, daga rana zuwa inuwa.

Ga misali. A Amurka akwai wani maciji marar dafi da a ke kira macijin masara, mutane su kan ajiye shi a gida cikin akwatin gilashi don sha'awa. Mai ajiye shi tilas ya ɗumama gefe ɗaya na akwatin da wutar lantarki har wajen digiri 30, ya bar ɗaya gefen da sanyi-sanyi, wajen digiri 24, ya kuma sa ma'aunin zafi yana dubawa. In akwatin ya yi sanyi duka, abincin da macijin ya haɗiya ba ya narkewa, sai ya amayar. In ya yi zafi duka, babu wurin gudu, sai ya mutu. To, macizanmu na daji babu mai shirya musu akwati. Da kansu su ke neman gefen ɗumi da gefen sanyi, sau da yawa kuwa cikin gidajenmu su ke samu.

Da bazara, sa'ad da zafin rana ya kan wuce digiri 40 a ƙasar Kabi, maciji sanyi ya ke nema: gindin randa, ƙarƙashin rumbu, makewayi, ramin ɓera, da gefen rijiyar lambu inda masu albasa ke ban ruwa. Da hunturu kuwa ɗumi ya ke bi: tarin itace kusa da murhu, tarin kara, dammunan gero da a ka jibge a gona. Da farkon damina, in ruwa ya cika ramuka, sai su fito, daidai lokacin da manomi ya ke sunkuye da fartanya. Shi ya sa sara ya fi yawa da shuka, da noma, da kaka.

Macizai uku suka fi yi mana ɓarna. Kububuwa ƙarama ce, da almuru da dare ta fi yawo, dafinta yana hana jini daskarewa. Kasa ba ta gudu, sai ta lafe a hanya har a taka ta. Kumurci ya kan shiga ɗaki neman ɓera da ƙwai da 'yan tsaki, yana kuma tofa dafi a ido.

Ga abin da za ku yi. Ku tara itace da kara nesa da ɗakin kwana. Ku share ciyawa kewaye da gida, ku toshe ramukan ɓera, gama inda ɓera ya ke, nan maciji ya ke zuwa. Mata, kafin ku kai hannu bayan randa ko cikin tarin itace, ku fara zungura da sanda. Manoma, ku juya dami da sanda kafin ku ɗauka, ku sa takalmin roba mai dogon wuya. Kada kowa ya fita da dare ba fitila. Mai kwana a waje saboda zafi ya hau gado, ya cusa gidan sauro ƙarƙashin tabarma ko katifa.

In kuwa tsautsayi ya faɗa, kada a ɗaure wurin da igiya ko tsumma, gama ɗauri mai tsanani ya kan ruɓar da ƙafa har a yanke ta. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a dogara ga baƙin dutse, ba ya zuƙe dafi. A cire zobe da awarwaro tun wurin bai kumbura ba. A ɗora wa ƙafar ko hannun kara kamar yadda a ke yi wa karaya, ba da matsi ba, don kada ta motsa. A ɗauki mutumin, kada ya taka da kansa, a kai shi asibiti nan da nan. Kada a ba shi asfirin, gama yana ƙara zubar jini. Kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin. In dafi ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa, sa'an nan a tafi asibiti.

Ku lura da wannan ƙwarai. Wanda kububuwa ta sara ya kan ji kamar ba kome yini ɗaya ko biyu, alhali jininsa ya riga ya lalace. Daga baya sai jini ya fara fita ta dasashi, ko cikin fitsari. A asibiti a kan ɗebi jini kaɗan a zuba cikin kwalba mai tsabta, a jira minti 20. In bai daskare ba, an san dafi ya kama jini, sai a yi allurar kashe dafi. Ita ce kaɗai magani na gaskiya. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da a ka yi wa sakaci, domin yana kashe mutum fiye da 80,000 kowace shekara a duniya, yawancinsu manoma da makiyaya ne irinmu.

Saboda haka, ranar da kuka je ɗakin shan magani, ku tambayi malamin asibiti inda a ke samun wannan allura mafi kusa da ku, ko Maiyama ne, ko Jega, ko Aliero, ko Birnin Kebbi. Ku kuma san mai babur ko mai mota da za ku tasa ko da tsakar dare ne. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyashe mu, ya ba mu lafiya. Sai wani makon.