Harshe Madubin Ƙwaƙwalwa: Lacca kan Hoton MRI da Gigin Tsufa

Gigin tsufa, wanda likitoci ke kira cutar mantuwa, yakan shigo ta ƙofa fiye da ɗaya. Wani dattijo da mantuwa yake farawa. Wani kuwa hankalinsa garau, ya san hanyar masallaci, ya san wanda yake bi bashi, amma kalma ce ke kuɓuce masa. Zai ɗauki buta ya rasa sunanta, sai ya ce "abin nan na alwala". A shekarar 1982 likitan ƙwaƙwalwa Marsel Mesulam ya bayyana marasa lafiya shida a Amurka da magana ke zube musu sannu a hankali, ba tare da shanyewar ɓarin jiki ba. Ciwon da yau ake kira PPA ke nan.

Tun 1861 Paul Broca ya nuna a Paris cewa furta magana na da mazauni a gaban ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, sai dai a zamaninsa ba a ganin wurin sai bayan mutuwa. Na'urar MRI ta ba da damar duba ƙwaƙwalwar mai rai, a auna inda ta motse.

A nan aikin Maria Luisa Gorno-Tempini ya yi tasiri. Likita ce 'yar Italiya da ke Jami'ar Kalifoniya a San Faransisko. A 2004 ita da abokan aikinta suka gwada maganar masu PPA da hotunan ƙwaƙwalwarsu, suka ga ciwon ya rabu gida uku. A na farko magana na fita da ƙyar, jimla ta karye, kuma gaban ɓarin hagu ne ya motse. A na biyu magana na zuba kamar ruwa, ma'ana ce ta tafi: a ce wa mutum ya miƙo tabarma, ya tambaya mece ce tabarma. A nan ɓarnar tana goshin sashen da ke daura da kunne. A na uku mutum ya san abin, yana tsayawa ne yana laluben sunansa, kuma ba ya iya maimaita doguwar jimla. A nan bayan sashen da ke daura da kunne ne ke lalacewa, kuma sau da yawa cutar Alzheimer ce a ƙarƙashi. A 2011 masana na ƙasashe da dama suka amince da wannan rabe-raben, shi ne ma'aunin da asibitoci ke bi yanzu. Amfaninsa shi ne kunnen likita na iya hasashen abin da hoto zai nuna.

Sai dai an gina ma'aunin ne galibi a kan masu jin Turanci. A 2020 ayarin Gorno-Tempini ya kwatanta Turawa masu Ingilishi da masu Italiyanci da ke da nau'in farko. Masu Ingilishi sun fi tuntuɓe wajen furta sautuka, masu Italiyanci kuma nahawunsu ne ya fi raguwa. Hausa tana da nata wuraren tuntuɓen. Karin sauti ne ke raba kukan yaro da kukar miya, tsawon wasali ne ke raba garin Jos da garin tuwo. Gwajin da aka fassaro kai tsaye daga Turanci ba zai kama kuskure a nan ba.

Jos ta riga ta sa hannu a wannan fage. A 2006 masu bincike Ochayi da Thacher suka wallafa binciken mutum 280 masu shekara 65 zuwa sama, suka samu kashi 6.4 cikin ɗari na da alamun gigin tsufa. Mata, da waɗanda suka fi tsufa, da ramammu sun fi shiga haɗari. Unguwa irin Kongo-Rasha kuwa, inda tsohuwa kan yi ciniki da Hausa, ta yi wa jikoki magana da harshen gidansu, ta ji Turanci a asibiti, tana da abin da masana ke nema. A Hyderabad ta Indiya, binciken Suvarna Alladi na 2013 kan marasa lafiya 648 ya nuna masu harshe biyu ko fiye sun fara nuna alamun gigin tsufa shekara huɗu da rabi bayan masu harshe ɗaya, har da waɗanda ba su yi boko ba. Masana na ci gaba da muhawara kan dalilin.

Hoton MRI na da tsada, kuma ba kowane asibiti ke da na'urar ba, don haka matakin farko sauraro ne. Maganar da ta ɗauke farat ɗaya alamar shanyewar ɓarin jiki ce, kuma gaggawa take buƙata. Wadda ke raguwa cikin watanni kuwa tana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa, kamar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, a kuma gwada mutum da harshen da ya fi sakewa da shi. Har yanzu babu maganin da ke warkar da PPA, amma horon magana na taimaka wa mai ciwon ya daɗe yana isar da buƙatarsa. Sanin sunan ciwon kuma na kare tsohuwa daga zargin maita ko shafar aljanu.