Jawabi Kan Gyaran Gaskit ɗin Manifol



Da yawanmu mazauna birane mun san takaicin motar da ke rawar ɗari ana jajibirin tafiya gida hutun Salla. Mukan ɗora laifin kan filogi, alhali sau da yawa gaskit ɗin manifol ne ya ci. Manifol ne ke raba iska ga silindoji, gaskit kuwa shi ke toshe tsakaninsa da kan injin. In ya tsage, sai iska ta saɗaɗa ta rinjayi fetur, injin ya riƙa kakkarwa a tsaye, ana jin shiii, na'urar gwaji takan nuna P0171. A wasu injunan ruwa na ratsa manifol, har ya zurara cikin baƙin mai ya mai da shi kamar shayi da madara. Wannan kam yana cinye metal.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Mu bari injin ya huce, mu cire kan batir na nagatif, mu ɗauki hoton kowane tiyo kafin mu taɓa shi. Bayan kwance manifol, mu cusa tsumma mai tsabta a ramuka, mu kankare tsohon gaskit da roba, domin ƙarfe yana karce alminiyam. Kada rowa ta sa mu lafta gam a kan tsohon. A zare tsummokaran nan kafin mayarwa, an sha mantawa! Ɗaurin notuna daga tsakiya ake farawa zuwa gefe, a gicciye, kaɗan-kaɗan, gwargwadon awon da littafin motar ya faɗa. In ruwa ya riga ya shiga mai, a juye shi, a sake fita.