Kalmomin Sikeli Da Ya Kamata Mai Sayar Da Shinkafa Ya Sani

Yau maganarmu a kan sikeli take. Mun saba da mudu da tiya da buhu, kuma har yanzu da su ake cinikin albasa da hatsi a kasuwar Yelwa da ta Wara. Amma tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi cikin 2015, aka kuma buɗe manyan injinan gyaran shinkafa irin na Argungu a 2017, shanshera mai yawa a kan kilo ake sayenta. Wanda bai san kalmomin awo ba, sai ya yi wahalar wata huɗu a fadama, a rage masa kuɗi yana tsaye yana kallo.

Mu fara da kilo. Giram 1,000 shi ne kilo ɗaya, kilo 1,000 kuwa shi ne tan ɗaya. Buhun takin zamani kilo 50 ne, watau buhu 20 ke nan a tan. Dattawan da suka sayar da gyaɗa da auduga a da sun fi sanin laba. To, kilo ɗaya ya ɗara laba biyu kaɗan, kuma tun dokar awo ta 1974 ƙasar nan ta koma kan kilo. In kun ga tsohon sikeli mai layin lambobi biyu, ku tabbata layin da aka rubuta kg ake karantawa.

Shi buhu ba awo ba ne, mazubi ne. Wani a ɗinke bakinsa, wani a danna a yi masa hula. Saboda haka kada ku yarda da "buhu kilo kaza ne" sai ya hau sikeli.

Yanzu ga inda kuɗin yake. A takardar awo za ku ga nauyi iri uku. Na farko nauyin duka, watau kaya da mazubinsa. Na biyu nauyin mazubi, ko buhu ne ko mota, ba kome a ciki. Kalmar Turancin da ake bugawa a wannan layin rubutunta ɗaya da "tare" tamu ta Hausa, amma ba ita ba ce, abin da za a ɗebe take nufi. Na uku nauyin zalla, abin da ya saura bayan an ɗebe na biyu daga na farko. A kan nauyin zalla kaɗai ake biyanku.

Ga misali da sikelin mota, wannan dogon dandamalin da mota ke hawa dungum. Mota ta hau da kaya, aka ga kilo 25,000. Aka sauke kaya ta sake hawa, aka ga kilo 10,000. Nauyin zalla kilo 15,000 ke nan, watau tan 15. To ku lura da kyau, dole motar ta hau karo na biyu kamar yadda ta hau na farko. In yaran mota sun sauka a awon farko, suka zauna cikinta a awo na biyu, nauyinsu daga shinkafarku za a cire shi. Haka kuma in an je an sha mai tsakanin awon biyu. Wakilinku ya tsaya a wurin har a gama, ya ga ƙafafun motar duka suna kan dandamali.

Haka zancen buhu. Buhun algarara yakan kai kusan kilo ɗaya, na roba ko rabin kilo bai kai ba. In mai saye ya ce zai cire kilo guda a kowane buhun roba, a buhu 100 kun yi asarar fiye da kilo 50. Maganin abin da sauƙi. A haɗa buhu goma marasa kome a auna a gaban kowa, a raba gida goma.

Sai laima. Masu injin suna da ƙaramar na'ura da ake zuba tsabar shinkafa a ciki ta nuna yawan ruwan da ke jikinta. Abin da ake so kashi 14 cikin 100 ne, domin a nan ne shanshera ke ajiyuwa ba ta yi fumfuna ba. Shinkafar da ta nuna kashi 20, in ta bushe ta dawo 14, kilo 100 ɗinta zai koma kilo 93. Ke nan ragin kilo 7 gaskiya ne, ragin kilo 15 kuwa cuta ce. A ganina gara ku shanya abinku a kan tamfol ku sheƙe shi sosai kafin ku kai, tun da shi ma datti, ƙaiƙayi da tsakuwa, ana cire masa nasa kason. Rana dai ba ta karɓar kuɗi. Ku kuma nemi a ɗebi samfur daga buhu da dama, kada a tsaya kan wanda ya kwana a ƙasan kwalekwale.

Kowane sikeli yana da iyakar nauyin da zai ɗauka, a rubuce a jikinsa. Sikelin rataye mai ƙugiya, in ana yawan ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ƙarfen cikinsa yakan saki, ya daina faɗin gaskiya. Yana kuma da taki, watau mafi ƙanƙantar nauyin da yake iya bambantawa. Sikelin mota da yawa kilo ashirin-ashirin suke tsallakawa, don haka ba a auna buhu ɗaya ko biyu a kansu.

Kafin a ɗora kome, allura ko lambar lantarki ta tsaya a kan sifiri, sikelin kuma yana zaune daidai a ƙasa mai tauri. Ku tsaya gaban agogon sosai, mai kallo ta gefe yakan ga ƙari ko ragi. Ku duba hatimin ma'aikatan awo na Ma'aikatar Ciniki ta Tarayya, su ne doka ta ba aikin gwada sikelin kasuwa. In zuciyarku ba ta kwanta ba, ku gwada da abin da kuka san nauyinsa. Buhun takin da ba a buɗe ba ya nuna kilo 50. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka mai lita 20 za ta ɗara kilo 20 da nauyin ita jarkar.

Ƙungiyar da ke da hali ta sayi nata sikelin, a auna kaya tun a gida a rubuta, sa'an nan a loda. Takardar awo kuma kada ku bar ta hannun direba. Ku adana ta har kuɗi su shigo hannu, in lissafin ya rikice muku ku kai wa malamin gona na yankinku ya duba.