Tayar da Ke Naɗewa: Inda Ake Bambance Mai Ƙira da Mai Ado

Yau hirar tamu da matasa masu haɗa ƙananan jiragen sama a gida ce, masu kwali da soso da gam, amma wanda bai taɓa riƙe rimot ba ma ya tsaya, akwai rabonsa a ciki.

Kun san yadda abin yake a wajenmu. Yaro ya haɗa jirgi, ya yi masa fenti, a ɗauke shi hoto, a yi ta cewa gwamnati ta taimaka masa. Kwana uku an manta. Ba wanda ya tambaya: ya tashi kuwa? In ya tashi, ya sauka lafiya? Ni ina ganin wannan yabon na cutar da mu, don yana koya wa yaro cewa kama da jirgi ta isa. Shi ya sa na zaɓi ɓangaren da ba ya karɓar ƙarya, wato ƙafafun sauka masu naɗewa cikin jirgi, da ƙofofin da ke rufe su.

Gaskiya ɗaya tukuna. A ƙaramin jirgi mai tafiya a hankali, naɗe taya ba ya ƙara wani gudun kirki, nauyi ma yake ƙarawa. In jirginka na farko ne, ka bar tayar a kafe. Wannan aikin na wanda jirginsa ya riga ya tashi ne, yana son ya koyi yadda ƙarfe ke motsi da tsari.

To me ake buƙata? Akwai ɗan injin da ake kira sarbo, irin mai giram 9 ɗin nan, yana aiki da bolt 5. In da hali ka nemi mai haƙoran ƙarfe kamar MG90S, don na roba saurin cinyewa suke. Ƙafar kuma, wayar ƙarfen nan ta tayar keke tana yi wa jirgi mara nauyi. Taya, ka yanko daga tsohon silifas. Rimot ɗinka ya zama yana da tasha fiye da huɗu, kamar FlySky mai shida, don huɗun farko sun tafi ga tuƙi da inji, ta biyar ce za ka ba wa taya.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke faɗuwa. Sai su ɗaura ƙafar kai tsaye a jikin sarbo. Jirgi na dira ƙasa, duk bugun ya tafi kan haƙoran, shi ke nan an yi asara. Sarbo aikinsa turawa da jawowa ne kawai, ba ɗaukar nauyi ba. Ka duba gwiwarka: in ka miƙe ta sosai, ƙashi ke riƙe ka, tsoka tana hutawa. Haka za ka yi. Ka sa ɗan hannu mai gaɓa biyu tsakanin ƙafa da jikin jirgi, wanda in taya ta sauka zai miƙe har ya ɗan wuce tsakiya ya tokare. Ko batir ya mutu, ƙafar ba za ta koma ba. Kuma gindin ƙafar ya zauna a kan siririn katako, kar ka manna shi a soso, zai tsige.

Wurin zaman taya ma lissafi ne. In jirginka mai taya ɗaya a gaba ne da biyu a baya, na bayan su zauna kaɗan a bayan inda nauyin jirgin ya daidaita. Suka yi nisa, hanci ba zai ɗaga ba. Suka yi gaba, zai zauna a kan wutsiya. Ka auna daidaiton sau biyu, taya a waje da taya a ciki, musamman in ta gaba baya take naɗewa, don nauyi na bin ta.

Sai ƙofofi. Dokarsu ɗaya: ƙofa ta buɗe kafin taya ta fito, taya ta shige kafin ƙofa ta rufe. Hanya mafi sauƙi, ka manna murfin a jikin ƙafar, su tafi tare. Ta biyu, ka sa ɗan roba ya riƙe ƙofar a buɗe, sannan ƙafar in tana shiga ta ja zare ta rufo ta. Ta uku, sarbo na daban da Arduino mai jinkirta umarni. Ka fara da ta farko. Kuma ka bar sarari a ramin tayar, don a filin ƙwallo muke sauka, yashi da tsakuwa ba sa neman izini.

In ka ji sarbo na ta ƙugi bayan ya gama tafiya, wani abu ya tokare shi. Yana zuƙe wuta, kuma zai iya kashe maka risiba jirgi na sama. Kar ka tashi sai ka gyara. Ka gwada a kan tebur sau 50, ka sake shi daga tsayin taƙi ɗaya ka gani ko ƙafar za ta riƙe.

Tun 1925 jirgi ya fara sauka a Kano. Kwalejin koyon tuƙi da gyaran jiragen sama ta Zariya tana nan tun 1964. A 2018 aka ƙaddamar da Tsaigumi, jirgi mara matuƙi na sojan sama, a Kaduna. Ƙofofin nan suna kusa da mu, amma lissafi da kimiyya suke tambaya, ba hoto ba. Don haka ka rubuta awonka a littafi, ka riƙe karatunka.

Iyaye da yayye, maimakon yabo ku saya masa sarbo guda biyu. Ku kuma masu tashi, ku nisanci filin jirgi da barikin soja da taron jama'a, kuma ku nemi sanin ƙa'idojin hukumar NCAA.

Ku tura wa wanda kuka san yana wannan harka. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.